Faifai Huɗu 'Yan Kwali Ɗaya

Mutanen gidanmu a unguwar Nima ba su taɓa gane aikin da nake yi ba. Wasu sun ɗauka gadi ne, wasu sun ce gyaran kwamfuta. Matar wana marigayi, wadda nake kira Yaya, cewa take yi an ɗauke ni ne don in zauna a ɗaki mai sanyi in riƙa kallon fitilu. A cikinsu duka ita ta fi kusa da gaskiya.

Ɗakin yana saman wani bene a unguwar New Town. Na wata Hajiya ne da ta yi shekaru tana sayar da atamfa da leshi, kafin ɗanta ya ja ta cikin harkar kwamfuta, ya kafa mata wurin, ya tafi ƙasar waje ya bar ta da shi. A ciki akwai manyan kwamfutoci biyu, irin waɗanda ake kira saba, a tsaye cikin kabad na ƙarfe. A cikinsu ake ajiye bayanan marasa lafiya na wasu ƙananan asibitoci da wani gidan haihuwa a unguwar Mamobi. In ungozoma ta danna sunan mace a can, daga ɗakinmu amsa take fita: jininta wane iri ne, wane magani ne jikinta ba ya so, yaya haihuwarta ta baya ta kasance.

Muna kiran sabobin Babba da Ƙarami. Babba ne ke aiki. Duk abin da ya rubuta, Ƙarami na kwafewa nan take. Akwai wata waya tsakaninsu da Babba ke aika alama ta cikinta ba fasawa, kamar bugun zuciya. Ranar da Ƙarami ya ji shiru, zai ɗauki aikin da kansa, ba sai wani ya ce masa ba. Kowannensu yana da faifan ajiya biyu, kuma komai a kan biyun ake rubuta shi, don in ɗaya ya mutu ɗaya ya riƙe. Faifai huɗu ke nan. Lafiyarsu ita ce aikina.

Ni karatuna bai yi nisa ba. Na yi allo, na yi boko zuwa ƙaramar sakandare, daga nan na daɗe a wani shagon intanet ina kunna na'urori ina kashewa. Ina jin abin da ya sa Hajiya ta ɗauke ni shi ne ba na tsallake abu. Wadda ta koya mini aikin injiniyarmu ce, wata 'yar ƙabilar Ga da ta tashi a Mamobi, tana Hausa irin ta Zongo, wadda mace da namiji duk "ya" ne a cikinta. Ba kullum take zuwa ba, don tana da wasu wuraren da take dubawa. A makon farko ta same ni ina kallon fitilun faifan, duk kore, na ce mata komai lafiya.

"Baba," ta ce, "in ka je gaida tsohon unguwarku yana kwance, ka ce masa yaya jiki, me zai ce?"

Na ce, "Da sauƙi."

"Ko yana mutuwa?"

"Ko yana mutuwa."

"To faifai ma haka ne. Koren nan da sauƙi ne kawai. Kai sai ka ɗaga bargo ka duba."

Ta nuna mini yadda ake ɗaga bargon. Kowane faifai yana faɗin zafin jikinsa, da tsawon lokacin da ya yi yana aiki, da yawan wuraren da suka lalace a jikinsa har ya kauce musu ya koma rubutu a wani gefe. Kwamfutar teburina tana zana waɗannan a matsayin layuka. Layin da ya kwanta lafiya ce. Layin da ya fara hawa ciwo ne, ko da fitila na nan kore shar.

Daga nan na tsara safiyata, ban kuma canja ta ba. Da farko in cire takalma a bakin ƙofa, saboda ƙura. Sai in sa hannu gaban na'urar sanyaya ɗaki in ji iskarta. Sai batir, sai in leƙa janareto ta taga. Bayan haka in tsaya shiru gaban kabad in saurara, don faifai mai ciwo wani lokaci yana ƙas-ƙas kamar ɓera cikin kwali. Sannan fitilu, sannan layuka. Babba nake fara dubawa kafin Ƙarami, don haka aka koya mana gaisuwa a gida. Sai na gama wannan duka nake buɗe kokona da ƙosai, a waje, a kan matakala, don ba a ci a ɗakin.

Abu ɗaya ne Injiniya ta kasa koya mini, shi ne in yarda da Ƙarami. Ta sha gwada shi a gabana. Ta zare wa Babba wuta, kafin in gyara zama Ƙarami ya ɗauka. Na gani da idona. Amma kowane gwaji ina tsaye a wurin, kuma can cikin raina ina ganin tsayuwata tana cikin abin da ya sa ya yi. Saboda haka ba na nisa. Juma'a a masallacin gindin benen nake yi. Lahadi ma ina wurin aiki. Bikin sunan 'ya'yan dangi, in na je, ana shafa fatiha na zame. An yi ta ƙorafi a gida har aka gaji aka bar ni.

Sai aka sa ranar auren 'yar wana. Mu biyu ne maza wurin mahaifinmu, wana kuwa ya rasu tana ƙarama, don haka ni ne waliyyinta, ni zan zauna gaban liman in ba da ita. Aka tsayar da safiyar wata Lahadi, a masallacin layinmu. Ranar da aka kawo goron sa rana Yaya ta tare ni a tsakar gida.

"Maigida ƙarami," ta ce, don haka take tsokanata tun ina saurayi, "ranar nan ba na son jin labarin fitila. Ko kore, ko ja, ko ruwan goro."

Yarinyar tana wanke-wanke a gefe, ba ta ɗago ba ta ce, "Baba, in ba kai ka ba da ni ba, ba inda za ni. Sai ku ci gaba da ciyar da ni."

Na ce musu sun cika surutu, zan zo.

Bikin ya matso, sai wata safiya na ga layin wuraren lalacewa na faifan Babba na farko ya ɗaga kai. Na duba na biyu, shi ma ya ɗaga. Na koma kan Ƙarami, nasa biyun ma haka, kamar sun haɗa baki. Fitilu duk kore. Na jira washegari in ga ko za su kwanta. Suka ƙara hawa. Na kira Injiniya.

Ta zo da rana tana gumi, ta ja kujera, ta daɗe tana kallo. Ta buɗe tsawon aikin kowane faifai, duk ɗaya. Ta buɗe lambobin da masana'anta ta buga musu, ga su a jere, wannan na bin wannan.

"Ei," ta ce. "Baba, wa ya sayi faifan nan?"

"Kafin zuwana ne. Sai dai Hajiya."

Hajiya ta hauro benen da kyar tana riƙe da gwiwa, ta zauna, ta gyara mayafi. Da ta ji tambayar sai fuskarta ta washe.

"Ni na saye su da hannuna," ta ce. "Ɗana ya rubuto mini irin da ake so, na tafi kasuwar Circle da kaina. Shago ɗaya, rana ɗaya, kwali ɗaya. Mai shagon ya so ya haɗa mini da wani iri, wai biyu-biyu, na ce masa ni ba a yi mini kwashe-kwashe. Shekara nawa ina fitar da yayi a garin nan? Ku tambayi Nima, ku tambayi Mamobi, an taɓa ganin bikin da na fitar wa zane wata ta fito daban?"

Yayi shi ne atamfa iri ɗaya da dangi da ƙawaye ke ɗinkawa ranar biki, abin da 'yan Nijeriya ke kira anko. A nan Hajiya ta yi suna, kuma na 'yar wana ma ita ta fitar.

Injiniya ta dafe kai. "Hajiya, an haife su rana ɗaya, sun yi aiki ɗaya, sun tsufa tare. Za su mutu sati ɗaya."

"Subhanallahi. Bakinki, yarinya. Ƙarami ai hutawa yake yi."

"Ba ya hutawa ko kaɗan. Duk abin da Babba ya rubuta, shi ma ya rubuta. In na Babba suka mutu aiki ya koma kan Ƙarami, kan marasa lafiya ya koma."

Hajiya ta juya zoben hannunta. Ta dube ni, don ta san ba na ƙari a magana. Na juya mata allon, na nuna mata layukan huɗu suna hawa kafaɗa da kafaɗa.

"To," ta ce, "a sayo huɗu sababbi. Amma iri ɗaya."

Ni da Injiniya muka ce a'a a tare, har ta firgita.

Washegari muka tafi Circle mu uku. Dokar Injiniya ita ce kowane faifai daga shago daban, kamfani daban in ya samu, in bai samu ba a tabbata ba zubi ɗaya ba ne. Ban taɓa ganin Hajiya cikin wahala irin ta ranar ba. Mun kutsa tsakanin masu tallar waya da 'yan kamashon trotro, wato ƙananan bas na haya, muka shiga shagon farko. Mai shagon ya san ta, ya miƙe yana washe baki.

"Hajiya Hajiya! Nawa za a kawo?"

"Ɗaya," ta ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Ɗaya? Ke? Ko kasuwa ta karye ne?"

"Kasuwar gidanku ce ta karye. Likitoci ne suka hana ni." Ta nuna mu da haɓa.

A shago na biyu aka fito da wani mai takarda shuɗiya a goshi, na farkon kuwa baƙa ce. Ta ajiye su gefe da gefe a kan kanta, ta kalle su, ta kau da kai.

"Kamar kayan gwanjo," ta ce. "In ɗana ya dawo ya buɗe kabad ɗin nan, ku za ku yi masa bayani. Ni ba ni ciki."

"Cikin kabad ne, Hajiya," in ji Injiniya. "Ba wanda zai gani."

"Ni na sani ai."

Matsalar da muka samu ita ce girman da muke nema ba ko'ina yake ba. Na shuɗiyar takardar da aka gwada shi sai ya zama ƙarami ne, aka mayar. Mun dawo da ɗaya tak a hannu, sauran aka ce sai an kawo daga sito. Ka san alkawarin ɗan kasuwa. Gobe ta zama jibi, jibi ta zama wani mako, har muka shiga makon biki.

A nan aka yi gardamar wanda za a fara yi wa magani. Hajiya ta ce Babba, shi ne babba, shi ne kuma ke wahala. Ni ma zuciyata can ta karkata. Injiniya ta ce a'a. In aka sa sabon faifai, tsohon da ke kusa da shi sai ya karanta duk abin da ke cikinsa daga farko har ƙarshe don a kwafe, wannan kuwa aiki ne mai nauyi, mai ciwo yana iya mutuwa a tsakiyarsa. In hakan ta faru a kan Babba alhali Ƙarami bai warke ba, ba inda za a gudu. Don haka a fara warkar da wurin gudu. Da Ƙarami ya miƙe, a mayar da aiki kansa da gangan, sannan a kwantar da Babba a yi masa nasa a natse. Da na ji tsarin yana da dalili daga farkonsa har ƙarshensa, na bar ra'ayina na bi nata.

Muka zare faifai ɗaya daga Ƙarami muka sa sabon. Kwafa ta fara, tana tafiya kamar trotro a cunkoson Circle. A gida kuwa an cika. Dangi sun zo daga Kumasi da Tamale, an shimfiɗa tabarmi har bakin ƙofata. Mata suna ta zirga-zirga zuwa Kasuwar Malam Atta, suna dawowa da buhunan shinkafa da albasa da jarkokin mai. An sa amarya a lalle. Kowa ya gan ni sai ya ce, "Baban amarya, ina za ka kuma?" In ce yanzu zan dawo.

Kwafar farko ta ƙare ranar Juma'a da hantsi. Na sauka na yi sallar Juma'a hankalina kwance. Da na hauro, tun daga bakin ƙofa na ji ƙarar da ban taɓa ji ba, tit-tit-tit. Fitilar faifan Babba na farko ta zama ja. Ya mutu. Babba ya rage a kan faifai ɗaya, shi ma mai ciwo.

Faifai na biyu ya iso ranar Asabar. Injiniya ta sa shi a Ƙarami, ta duba saurin kwafar, ta ce ba za ta ƙare ba sai Lahadi da yamma. Litinin da safe, muna nan mu biyu, za mu mayar da aiki kansa.

Na ce, "Me zai hana mu mayar yanzu?"

"Yana kwafa, Baba. In muka ɗora masa aiki a haka zai yi nauyi, asibiti za su ji a jikinsu. In dole ya zo, zai ɗauka, yana da sabon faifai ɗaya cikakke. Amma ba za mu jawo dole da hannunmu ba."

"To gobe zan zauna. Zan wakilta wani a masallaci."

Ta juyo da kujerarta gaba ɗaya. "Ka zauna ka yi me?"

"In gani."

"In Babba ya mutu kana nan, me za ka danna?"

Na yi tunani daga farkon tsarin har ƙarshensa. Babu abin da zan danna.

"Ƙarami zai ɗauka kafin ka tashi daga kujera," ta ce. "Saƙo zai shiga wayarka, ya shiga nawa. Ni ina coci, ina cikin masu waƙa, amma waya yana jaka na. In saƙo ɗaya ya zo, Babba ya tafi. In na biyu ya biyo, Ƙarami ya ɗauka. In na biyu bai zo ba, ni zan bar waƙa in zo, ba kai ba. Tafi ka ba da ɗiyarka."

Da yamma na koma gida na sami Yaya a bayan gida tana tuƙa tuwo a babbar tukunya, mata kewaye da ita. Na jira suka ɗan ragu, na tsuguna kusa da ita.

"Yaya, a shari'a, in waliyyi yana da uzuri, yana iya wakilta wani. Malamai sun yarda."

Ta zare muciya daga tukunya ta nuna ni da ita, tuwo na ɗiga.

"Malamai sun yarda. Ni ka tambaye ni?" Matan suka fashe da dariya. Ta mayar da muciyar ta ci gaba da tuƙi, sai ta rage murya yadda ni kaɗai zan ji. "Ranar aurenka wanka yana da kaya a tashar jirgin ruwa, ana ta kiransa. Ya bar su ya zo ya zauna gaban liman ya karɓa maka mata. Ni na wanke rigar da ya sa. Yarinyar nan ba ta san muryar ubanta ba. Taka ta sani."

Na tashi na je na ɗauko babbar rigata na kai wa mai guga.

Ranar Lahadi bayan asuba na hau benen. Na cire takalma, na ji iska, na duba batir da janareto, na saurara. Faifan Babba da ya rage yana ƙas-ƙas a fili, layinsa ya miƙe kamar tsani. Kwafar Ƙarami ta wuce rabi. Na tsaya gaban kabad ɗin na ɗan lokaci. Sannan na kashe fitilar ɗaki, na kulle ƙofa, na jijjiga kwaɗon, na sauka. A kan matakala na juya sau ɗaya, na kuma ci gaba da sauka.

Masallacin ya cika har waje, an kafa rumfa a layi, an jera kujerun roba. Aka buɗe mini hanya na wuce gaba na zauna daf da liman. Wakilin ango, wani dattijo mai sayar da kayan mota a Mamobi, yana fuskantata. Ga goro da dabino da alewa a faranti a tsakiya. Wayata tana aljihun gaba na 'yar ciki, na kashe mata ƙara, na bar ta a kan jijjiga.

Liman ya yi huɗuba, ya ja ta, don mutum ne mai son nasiha. Ya gama ya ce, "Ina waliyyin amarya?"

Na ce, "Ga ni."

"Ina wakilin ango?"

Dattijon ya amsa. Ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya fara: "Muna nema wa ɗanmu auren 'yarku..."

A daidai nan wayar ta girgiza a ƙirjina. Sau ɗaya.

Na san ko mene ne. Hannuna ya tashi da kansa ya nufi aljihu, na mayar da shi kan gwiwa na danne da ɗayan. Na ga gidan haihuwar nan a idona, na ga ungozoma tana danna suna allo ya ƙi amsawa. Dattijon ya ƙare maganarsa, masallaci ya yi tsit, ana jirana. Ni kuwa tun ina yaro ba na haɗa abu biyu. Wanda ke gabana shi nake gamawa.

Na ce, "Mun ba ku ita, bisa sunna, a kan sadakin da aka ambata. Cinta da shanta da suturarta da mazauninta da lafiyarta sun koma wuyanku."

Ya ce sun karɓa. Liman ya sa muka maimaita, ya tambayi jama'a ko sun shaida, aka amsa da murya ɗaya. Ana cikin amsawar nan na ji kamar wayar ta sake motsi, amma ban tabbata ba, don ƙirjina ma bugawa yake yi. Liman ya ɗaga hannu, muka ɗaga. Ya yi wa ango da amarya addu'a, ya yi wa wana, ya ambaci sunansa, ya yi wa iyayenmu, ya yi wa unguwa, ya yi wa ƙasa, ya yi wa matafiya na tudu da na ruwa. Ban taɓa sanin addu'arsa tana da tsawo haka ba. Na ce amin ga kowace ɗaya.

Aka shafa. Sanƙira ya ɗaga murya a waje cewa an ɗaura, guɗa ta tashi daga cikin gida, yara suka yi kan alewa. Mutane suka yi ta miƙo mini hannu, na gaisa da liman, na gaisa da wakilin ango, na gaisa da dattawan sahun gaba ɗaya bayan ɗaya. Sai da na gama na zaro wayar.

Saƙo biyu ne. Na farko ya ce Babba ya yi shiru. Na biyu ya ce Ƙarami ya ɗauki aiki. Ƙarƙashinsu ga na Injiniya: "Na gani. Zauna inda kake."

Duk da haka na koma gefen rumfa na kira gidan haihuwar. Wata ungozoma ta ɗauka, ana jin kukan jariri a bayanta.

"Anti, daga wurin kwamfuta ne. Na'urarku tana aiki?"

"Tana aiki. Me ya faru?"

"Ba ta tsaya ba ɗazu?"

"Ta ɗan ƙifta, na sake shiga. Malam, ina da mace a kan gwiwa, in ba ka da wata magana sai an jima." Ta kashe.

Na tsaya da wayar a hannu ina dariya ni kaɗai, har wani ɗan'uwanmu na Kumasi ya ce ashe baban amarya yana da haƙora.

Na shiga gida in kai wa mata labari, ko da yake sun riga sun ji. Tsakar gida ba wurin sa ƙafa. Aka ja ni har ɗakin da amarya take, an lulluɓe ta, ƙawayenta sun kewaye ta. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "An ɗaura. Ni na ba da ke, da bakina."

Daga cikin mayafin ta ce, "Na ji, Baba. An sa lasifika." Ta miƙo hannu mai lalle, na riƙe, na yi mata nasihar da na shirya: ta riƙe salla, ta riƙe gaskiya, ta riƙe bakinta, in abu ya dame ta ta zo wurina kafin ta je wurin kowa. Ƙawayen suka ce nasihar ta yi gajarta, in ƙara. Na ce abin da na tanada ke nan.

Ina fitowa Yaya ta tare ni da faranti, shinkafa da wake an zuba miya da taliya da ƙwai, ga nama a sama. Ta ga wayar a hannuna, ta ga idona ya nufi ƙofar gida.

"Ina za ka?"

"Zan ɗan leƙa ne kawai. Babba ya tsaya."

"Aiki ya tsaya?"

"Aiki bai tsaya ba."

"To." Ta ɗora mini farantin a hannu ɗaya, ta zare wayar daga ɗayan, ta ƙulle ta a bakin zaninta, ta ja ƙullin da haƙori. Ta sa aka kawo kujera aka ajiye a inuwa, kusa da inda masu kiɗa ke ɗaure gangunansu. "Zauna nan, maigida ƙarami. In ta yi motsi ni zan fara ji."

Na zauna. Na ci shinkafar, aka ƙaro, na ci. 'Yan Tamale suka zo gaisuwa, 'yan Kumasi suka zo, dangin ango suka zo a jere aka yi ta nuna mini su ɗaya-ɗaya, wannan kawunsa, wannan gwaggonsa, na riƙe sunan kowa. Da aka fara kiɗa wata tsohuwa daga dangin mahaifiyarmu ta ja hannuna, na ƙi, ta ja da ƙarfi, na tashi na taka sau biyu na koma kujerata, gida ya ɗauki ihu. Sai da aka kira la'asar na tuna ban tambayi Yaya wayar ba, na yi alwala na tafi masallaci na bar ta a wurinta.